Robar da Inna ta Rufe da Faifai

Ku yi mini afuwa tun kafin mu yi nisa. Ni ba marubuciya ba ce. Shekara huɗu ina laɓe a wannan dandalin ina karanta labaran mutane, ko sannu ban taɓa rubuta wa kowa ba, sai yanzu da abu ya tsaya mini a maƙogwaro na rasa wanda zan faɗa wa. In kun ga na yi tuntuɓe ku ɗaga ni, dariyar kuma ku yi ta a hankali.

Sunana Mardiyya. A Haɗeja aka haife ni, a gidan marina. Kakana ramukan rinin baba yake da su, irin na da, amma tun ina firamare aka cike su da ƙasa. Yanzu Babanmu, Malam Yunusa, rinin zamani yake yi a bayan gida: duro uku a kan murhu, garin rini na gwangwani, soda, da wani farin gari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shadda da yadi ake kawo masa har daga Kaugama. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ainihin launin hannunsa ba, shuɗi ne har gwiwar hannu. In an gama aiki sai a tuntsurar da duro a kwata, kwatar ta bi bayan katangarmu, ta gangara ta faɗa tafkin da ke ƙasan unguwa, wanda kogi ke cikawa da damina ya bar shi da rani. Haka na tashi na gani, kuma ban taɓa tambayar ina ruwan yake kwana ba.

Sai Fatihu ya kawo taru.

Masunta ne su, asalinsu mutanen Guri, a wannan tafkin danginsa ke su, shi kuma yana bandar kifi yana kaiwa kasuwa. Ya zo ne a rina masa sabon taru ya yi duhu don kada kifi ya gan shi a ruwa. Ina zaune a soro da littafi a cinya, ya yi sallama, na amsa ban ɗago ba. Bayan kwana biyu ya dawo da tarun, wai rinin bai kama ba. Aka sake tsoma masa. Da ya dawo karo na uku, kakata Inna Asabe, mahaifiyar Baba, ta leƙo ta dube shi, ta dubi tarun da ya yi baƙi ƙirin, ta ce, "Yaro, wannan tarun naka ba don kifi ka saƙa shi ba."

A wayata sunansa Mai Banda. Shi kuma Malama yake ce mini, don kemistiri nake karantawa a jami'a.

Har an tsayar da ranar da manyansa za su kawo goron gaisuwa, sai bazarar bara ta zo da zafin da ruwan tafkin ya ja baya sosai. Wata safiya masunta suka tarar da karfasa birjik a saman ruwa, ciki a sama, gefen tafkin ya yi wani shuɗi-shuɗi mai maiƙo. Baffa Shu'ibu, yayan marigayi mahaifin Fatihu, shi ne babban masuntan wurin, kuma shi ne uban da zai nema wa Fatihu aure. Bai aiko kowa ba. Da ƙafarsa ya zo marina, ya tarar da Baba cikin masu karɓar kaya, ya juye kwandon mataccen kifi a gabansa, ya ce, "Malam Yunusa, ga rininka, ya kama."

Daga ranar goro ya tsaya. Baffa ya ce ƙafarsa ba za ta taka zaurenmu da maganar aure ba muddin ruwa mai launi na fita daga kwatarmu. Baba ya ce sana'ar da ya gada ba zai bar ta don tarwaɗa ba. Umma kuwa ni ta sa a gaba. Kullum sai ta lissafo mini sa'o'ina da suka yi aure, ta ce masu nema ba su ƙare ba, in bar mai ƙarnin kifi ya kama gabansa. Ni ba na iya musu da manya. Abin da na iya kawai, da na koma makaranta na je wurin malamar da ke duba aikina na shekarar ƙarshe, Dakta Umaima, na roƙe ta in canza abin da zan yi bincike a kai.

Bari in gaya muku abin a taƙaice, don shi ne tushen labarin. Duk ɗan gidan marina ya san rana maƙiyiyar launi ce, shi ya sa ba a barin rinannen kaya ya daɗe a cikinta. To akwai wasu hodoji da in an zuba su a ruwan rini suna taya rana wannan aikin, abin da za ta yi a shekara su sa ta yi shi a sa'o'i. Ba ɗauke launin suke yi ba, farfasa shi suke yi har ya daina zama abin da yake. Akwai wata farar hoda mai ƙarfi, irin wadda ake sakawa a man kare fata daga rana, amma ita ba ta motsi sai da wani ɗan ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, shi kuma kaɗan ne. Akwai wata rawaya, wadda muke samu in mun gasa takin yuriya na manoman shinkafa a tanda mai tsananin zafi. Ita tana kama hasken nan da ni da ku muke gani, sai dai saurin gajiya gare ta. In aka haɗa su suka manne da juna, rawayar ta kamo hasken, farar ta riƙe ƙarfin kada ya zube. Wata biyar na yi ina gasawa, ina niƙawa, ina canza awo. Ranar da na zuba hodata a shuɗin ruwan gwaji, na kunna fitila, bayan awa biyu ya koma garau, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Dakta Umaima tana da doka ɗaya da ta rubuta ta liƙa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje: duhu kafin haske. Duk gwajin da za ka yi, sai ka ware kwalba ɗaya ka sa mata hoda ka ɓoye ta a duhu. Dalili, hoda tana iya shanye launi kawai kamar yadda tsumma ke shan miya. In ta duhu ta zauna da launinta, ta haske ta washe, to haske ne ya yi aiki. In duka biyun suka washe, ba ka kashe komai ba, ɓoyewa ka yi.

Na san wannan dokar kamar sunana. Ku riƙe wannan.

Na dawo hutu da hodata a gwangwanin madara. Ranar Talata na ɗebi ruwan duron Baba a kofin gilashi, na zuba hoda. Ruwan ya fi na makaranta kauri nesa ba kusa ba, don haka na ƙara cokali, na sake ƙarawa, na ajiye a kan katanga. Ban yi na duhu ba. Ba mantawa na yi ba, 'yan uwa, kuma wannan ne abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Na tuna, na ce ai na yi a makaranta. Amsa ɗaya nake so, ban ba wa ɗayar hanyar shigowa ba.

Kafin la'asar ruwan ya washe. Baba ya shigo alwala ya gani. Ya ɗaga kofin da shuɗin hannunsa yana kallon rana ta cikinsa. Sannan ya ce, "Ke kika yi wannan?" Na ce eh. Ya fita ko hula bai ɗauka ba.

Kafin magariba babu wanda bai ji ba, daga masallaci har mai shayi. 'Yar Malam Yunusa ta haɗa maganin ruwan rini. Mai unguwa, wanda dama ya gaji da sasanci, ya sa rana: Asabar bayan la'asar Baffa Shu'ibu da mutanensa za su zo zaurenmu su gani da idonsu. In ruwa ya washe, magana ta wuce, goro ya biyo baya.

Fatihu ya turo mini saƙo a ranar: "Malama, yau Baffa ya tambaye ni nawa ake sayar da ƙwaryar goro yanzu. Bai kalle ni ba da ya tambaya, amma ya tambaya."

Ranar Asabar gidanmu ya tashi da hayaniya. Umma ta jiƙa zoɓo tun asuba, ta sa kaskon waina, ta fito mini da atamfar da ta ɓoye tun sallar bara, ruwan ganye mai zanen ganyen kuka, da mayafi ruwan madara. Ta ce ko ba za a gan ni ba, a san gidan da aka shigo. Da hantsi na cika robobi biyu da ruwan duro, na zuba hoda, na gauraya, na jera su a tsakar gida inda rana ta fi dukan ƙasa, don in tabbatar da awon kafin baƙi su zo. Daga nan Umma ta ja ni madafi, yanka albasa, juya waina, har aka kira azahar.

Da na fito, roba ɗaya ce a rana. Ɗayar tana can ƙarƙashin rumfa, an kife mata babban faifai, an ɗora dutsen niƙa a kai.

"Wa ya taɓa mini roba?"

Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. "Ni ce. Sai a kai ni ƙara."

"Inna, don Allah, rana nake so ta buge ta."

"Shekara hamsin da biyar ina gidan nan ban taɓa ganin an bar rini a rana baki buɗe ba. Ga kaji, ga ƙura. Da bayana bai riƙe ba da ɗayar ma na jawo ta. Ke dai boko ya cinye miki hankali, Malama kwalba."

"Kin ɓata mini aiki, wallahi."

"To buɗe ki gani mana, in ya ɓaci in biya ki da tsohon zanina."

Na ɗauke dutsen ina ƙunƙuni, na ɗaga faifan.

Ruwan garau yake. Har ina ganin fuskata da ɗankwalina a ciki.

Na je na duba ta rana. Garau. Na dawo na duba ta rumfa. Babu bambanci ko na ƙwayar gero. Sai na tsuguna a wurin da faifai a hannu.

"Kin gani," in ji Inna. "Tawa ma ta fi kyau. A ba ni takardar jami'ar."

"Inna, bai kamata ta washe ba."

"Ikon Allah. Ya washe kin yi fushi, da bai washe ba ki yi kuka. Me kike so ne?"

Na karkata robar a hankali na tsiyaye ruwan a bokiti. A ƙasa hodata ta kwanta, amma ba rawaya ba ce kamar yadda na zuba ta. Ta zama shuɗiya, shuɗin hannun Baba. Inna ta ajiye tiren shinkafa, ta matso da jan gindi, ta dangwala yatsa ta murza.

"Au," ta ce. "Ai rinuwa ta yi."

Watanni biyar na karatu, ta faɗe shi da kalma huɗu.

"Kuma kin san abin da ya rinu bai kama da kyau ba," ta ci gaba, "ranar wanki zuba yake yi."

Na ɗebo ruwan zafi a madafi, na jefa ɗan soda, na zuba a kan cokali ɗaya na shuɗiyar lakar a kofi. Kafin in gama juyawa ruwan ya koma shuɗi. Launin bai je ko'ina ba. Yana nan zaune a jikin hodar yana jiran ranar wanki. In Baba ya fara amfani da ita, ruwan kwata zai fita fari, kowa ya yi murna, lakar kuma a kwashe a watsar a bayan katanga. Ruwan sama na farko ya wanke ta ya kai tafki.

Ina tsugune ina kallon robar rana, sai idona ya kai bakinta. Wurin da na gauraya da safe, hoda ta fantsama ta manne a gefe, siririya kamar fatar albasa. Wannan ba shuɗiya ba ce. Ta koma rawaya.

Na nuna wa Inna. Ta ƙanƙance ido ta duba.

"Nan rana ta same shi," ta ce. "Can ƙasa kuwa ta ina za ta shiga, ruwa kamar kunu? Ke ko shinkafa kika tara ta tsibi guda kika ce ta bushe, ai sai ta ruɓe. Baza ta ake yi."

Na ɗauki hoton robobin biyu da bakin robar na tura wa Dakta Umaima, na rubuta mata gaskiya, har da cewa ranar Talata ban yi na duhu ba. Ba a yi minti goma ba ta amsa:

"Wa ya yi miki na duhun yau? Ki gode masa. Hodarki tana aiki, gefen robar ya nuna, amma ba a wannan kaurin ba. Ki sirka ruwan, ki baza shi a faranti mai faɗi, ki rage hoda. Mako uku ko huɗu kafin ki buɗe baki. Kuma ko launi ya tafi, sai mun auna abin da ya bari a ruwan. Kada ki ce wa kowa an gama."

Kada in ce wa kowa. Ni da gari guda ke jira bayan la'asar.

Na sami Baba a ɗakinsa. Jama'a, farar shadda ya sa. Marini ba ya sa fari, duk rayuwata ban taɓa ganinsa da shi ba ko ranar idi. Ya zauna a bakin gado da kwanon toka da lemon tsami yana dirzar hannunsa, shuɗin ya ƙi fita, fatar ce kawai ta yi ja. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, akwai magana."

"Hodar ce ta ƙare?"

"A'a. Ba ta yi abin da na ce ta yi ba."

Na yi masa bayani. Na nuna masa kofin da ya koma shuɗi. Ya kalla, ya ci gaba da dirzar hannu.

"Ruwan ya washe ko bai washe ba?"

"Ya washe, Baba, amma..."

"Shu'ibu cewa ya yi kada ruwa mai launi ya fita daga kwatata. Da bakinsa, a gaban mai unguwa. To ba zai fita ba."

"Dafin yana nan a lakar."

"Sai mu haƙa rami mu binne."

"Ambaliya tana shiga bayan gidan nan duk shekara biyu, Baba."

Ya ajiye lemon. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Mardiyya, ni na ce ki yi ƙarya? Ba wanda zai tambaye ki komai. Ki kawo roba zaure, ki zuba hodarki, ki koma ciki wurin uwarki. Idonsu ne zai ba su labari. Daga baya ki yi ta gyaranki har ki gama, wa ya hana ki?" Ya dubi hannunsa. "Shekara guda ina wucewa ta kasuwar kifi ana nuna ni da baki. Mai guba. Ranar Talata na shiga masallaci na ce 'yata ta wanke ni. Yanzu in koma in ce musu me?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," na tashi.

A ɗakinmu na zauna a kan akwati, sabuwar atamfar tana shimfiɗe a gado da mayafinta, ƙamshin turaren wuta da Umma ta yi mata ya cika ɗakin. Na rubuta wa Fatihu komai. Na ga alamar ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Malama, Baffa ba zai gane bambancin ba."

"Kifin zai gane."

"Ba yau ba. Kafin damina kin gyara."

"In ban gyara ba fa? In ya ɗauki shekara?"

"Shekara biyu nake jiranki. Yau saura awa biyu."

"Na sani."

"To me kike so ki yi? Ki tsaya a zaure gaban maza ki ƙaryata mahaifinki?"

Wannan kam ba zan iya ba, kuma ya sani. In na yi haka na tsiraita Baba a cikin farar rigarsa, a zaurensa, gaban mutumin da ya juye masa kifi. In kuma na yi shiru, za a ɗaura mini aure a kan robar da na san abin da ke ƙasanta, in shiga gidan masunta in ci tuwo da miyar kifin tafkin nan, ina jiran ruwan farko. Duk ranar da karfasa ta sake tasowa, ba Baba za a nuna ba. Ni ce, matar ɗansu, mai ilimin da ta rufe musu ido.

Hanya ɗaya ta rage, kuma ita ce wadda ba a yi. In sami Baffa Shu'ibu shi kaɗai kafin ya taso, in nuna masa da hannuna, in ce kuskuren nawa ne ba na Baba ba, in roƙe shi mako huɗu. In ya ga dama ya aika wa mai unguwa cewa wani uzuri ya taso, a ɗaga ranar, babu wanda ya ji kunya. In bai ga dama ba, kafin isha'i labarin ya zaga gari.

Ku da kuka san garinmu kun san abin da nake faɗa. Yarinyar da ake nema ba ta zuwa gaban uban saurayinta. In ta hango shi a hanya canza lungu take yi. Ko sunansa ba ta faɗa. Ni da ko gaisuwa ban taɓa yi masa ido da ido ba, in je in same shi a bakin ruwa cikin masunta, da kwalabe a hannu? Zai iya cewa ba ni da kunya, ba a kawo irina gida. Wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar, ko da na mayar da tafkin ruwan zamzam.

Na rubuta: "Zan je in same shi."

Ya kira. Ban ɗauka ba, don na san in na ji muryarsa zan zauna. Ya sake kira. Sannan saƙo:

"Kin san halinsa kuwa?"

"Na san ya zo da ƙafarsa ya faɗa wa Baba gaskiya a fuska. Mai yin haka wataƙila zai iya jin ta."

Ban jira amsarsa ba. Na tashi na wanke kwalaben zoɓo guda uku. Ta farko na zuba ruwan da ya washe. Ta biyu na zuba shuɗin da ya dawo daga lakar. Ta uku na kankare 'yar rawayar hodar bakin roba da cokali na zuba, ko rabin cokalin shayi ba ta kai ba, amma ita ce duk abin da nake da shi na roƙon mako huɗu. Na naɗe su a tsohon ɗankwali na sa a jakar makaranta. Atamfar na bar ta a gado. Na zura doguwar rigata ta gida da hijabi ruwan toka wanda duk unguwa ta saba gani na da shi in za ni kanti.

Wayar ta yi motsi.

"Yana gindin tsamiyar mashaya yana ɗinkin komar su. Shi kaɗai ne, sauran sun tafi wanka. Ba zai tashi ba sai an kira la'asar. Ki gaishe shi sau biyu kafin ki fara, kuma kada ki tsaya a kan inuwar komarsa, ba ya so. Ni ban gaya miki komai ba."

Wani ya biyo baya: "In ya kore ki, ni ma ya kore ni. Ki taka a hankali, gangaren akwai santsi."

Na karanta sau biyu, na kashe ƙarar wayar, na sa ta a jaka.

Tsakar gida cike take. Maƙwabta biyu sun shigo taya Umma, ana ta zuba zoɓo a jarka, ana gardamar ko sukarin ya ji. Daga zaure ina jin ana shimfiɗa tabarmi, da muryar Baba yana cewa a matsar da waccan, nan ne za a ajiye robar kowa ya gani. Ƙofar baya, wadda ke fita marina ta bi gefen kwata, tana bayan rumfa. Inna kuma tana zaune daidai bakinta.

Ta dubi hijabina, ta dubi jakar, ta dubi takalmin da na riƙe a hannu. Na tsaya.

"Wainarki tana nan," ta ce a hankali. "Zan rufe miki ita da faifai. Tunda an ce rufina yana da amfani."

Sai ta juya mini baya, ta ɗauki sandarta, ta rafka wa ƙasa, ta fara yi wa kaji masifar da duk gidan sai da ya waiwaya: kajin banza kajin wofi, wa ya bar su suka shiga shinkafa, ita ba za ta iya da gidan nan ba, kowa ya zuba ido tsohuwa na wahala. Umma ta taso da ludayi a hannu, maƙwabta suka bi kaji da tsintsiya.

Na zare sakatar a hankali don kada ta yi ƙara. A waje rana tana nan da sauran ƙarfinta, durorin Baba uku suna huce a kan murhu, kwatar tana gangarawa da ɗan siririn shuɗin ruwa a cikinta. Ban taɓa bin ta har ƙarshe ba. Na sa takalmina, na rungume jakar don kada kwalaben su yi ƙara, na jawo ƙofar ta rufu a bayana, na bi ruwan.